Yadda Sale Ya Busar da Jikinsa

Sunana Talatu. Awara nake soyawa a Limawa, cikin Dutse. Sale ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, ni na goye shi bayan rasuwar innarmu. Labarin jinyarsa zan bayar. Ba ni da yawan magana, amma duk mai ɗa ko ƙane da ke shiga fagen kokawa ya kamata ya ji wannan.

Sale ya fara kokawa tun yana yaro a ƙauyenmu, can gefen Miga. Da damina noma, da rani dako a kasuwa, kokawa kuwa duk inda aka kafa ganga. Ba shi da tsawo, ba shi da wani jiki na a zo a gani. Abu ɗaya gare shi, ba ya gajiya. Sai ya riƙe mutum ya yi ta juya shi har numfashinsa ya ƙare, sannan ya ajiye shi a ƙasa. Makaɗa Turmi suke ce masa.

A da ba a auna ɗan kokawa. In ƙato ya fito, mai ji da kansa ya fito masa. Yanzu an kawo sikeli. A bazarar da abin ya faru aka sa wata gasa a Dutse, aka raba mutane aji-aji bisa nauyi, kyautar kowane aji babur. Sale ya gaji da ɗaukar buhu a ka. Babur ɗin yake so ya riƙa acaɓa da shi.

Ya je ya hau sikelin masu sayen riɗi a kasuwa. Ya ɗara ajin ƙanana da kaɗan. In ya tafi ajin manya kuwa, ƙatti ne a can, ya san ba zai kai ko'ina ba. Ubangidansa Baba Iro, tsohon ɗan kokawa da ke horar da su, ya dubi sikelin ya ce, "Wannan ba nama ba ne, ruwa ne. A busar da shi."

Wurina ya sauka don ya yi shiri. A gabana aka yi busarwar.

Buhun taki ya samo, ya huda masa wuya da hannuwa, ya sa a ƙarƙashin riga. Da tsakar rana, lokacin da ko akuya ba ta barin inuwa, sai ya kama hanyar duwatsu da gudu. In ya dawo ya tuɓe buhun, gumi na zuba kamar an matse wanki. Da yamma ya dafa ganyen filasko ya sha, ya yi ta zarya bayan gida. Yana da gwangwani a gefensa, ya tsotsi tsamiya, yawu ya taru, ya tofar. Ruwa kuwa sai dai ya kurkure baki ya zubar, ko ya haɗiyi kurɓi ɗaya.

Na ce masa, "Sale, azumi kake?"

"Ba azumi ba ne, Yaya. Sana'a ce."

"Mai azumi ma yana shan ruwa da magariba."

"Mai azumi Aljanna yake nema. Ni babur nake nema." Ya yi dariya, leɓensa ya tsage. "In na ci, ke zan fara ɗorawa, in kai ki sayen wake."

"Da waɗannan ƙafafun naka kamar sillen kara? Gara in hau jaki."

Na yi faɗa. Bai ji ba. Namiji ne mai mata, ba yaron goye ba.

Ranar gasa da safe aka auna shi, ya shiga ajin da yake so. Ni na kai kaskona bakin filin, don ana ciniki a irin wannan taro. Na haɗa masa zoɓo a jarka na kai masa inda suke zaune. Baba Iro ya tare ni da hannu.

"Talatu, koma da shi. Cikin da ya bushe in aka zuba masa ruwa, ƙafa yake saukarwa. Sai an tashi daga fage."

"Baba, an riga an auna shi."

"Ke awara kika sani. Bar mana namu."

Ya ba shi ƙwayoyin ciwon jiki daga kemis, da goro. Sale ya haɗiye su haka nan, a bushe.

Karon farko ya yi kaye, amma da ƙyar. Karo na biyu aka haɗa shi da wani Habu daga wajen Garki, mutumin da Sale ya sha kayarwa. Rana ta take. Ina tsaye a kan benci ina kallo. Kowa a fagen nan jikinsa na ƙyalli da gumi, ban da Sale. Fatarsa a bushe take kamar an shafa toka. Sai ya kama Habu, hannun ya sake da kansa. Ya sake kamawa, ya sake sakewa. Ƙafarsa ta hagu ta ɗaure, ya fara jan ta. Mutumin da ake gudun riƙonsa saboda ba ya gajiya, ga shi yana haki tun ba a je ko'ina ba. Makaɗa na ta kiran Turmi, shi kuwa yana waige-waige kamar wanda aka sauke a garin da bai sani ba.

Habu bai yi wani ƙoƙari ba. Ɗan turawa ya yi, Sale ya zube. Bai tashi ba.

Habun ne ya fara ihu, "Ku zo! Jikinsa wuta ne!"

Aka kwara masa ruwa, aka yi masa fifita. Ya farfaɗo. Ya ce ba komai, jijiya ce ta riƙe. Na sa shi a a-daidaita-sahu muka koma gida. Da asibiti muka nufa a ranar, da labarin ya canja. Babu wanda ya kawo zancen a cikin taron nan duka.

Makon farko a ɗakina muka yi shi. Cinyoyinsa da bayansa ba a taɓawa, sai ya yi ƙara. In ya sha abu ya amayar. Fitsari kaɗan, baƙi-baƙi, kamar shayin da aka manta a wuta.

Masu shawara suka cika gida. Baba Iro ya ce jifa ne, mutanen Garki ne suka ɗaure shi, ya kawo turare da wani ƙulli a binne a bakin ƙofa. Wata gwaggonmu ta ce ciwon shawara ne, ai ga fitsarin nan, ta aiko da sassaƙe. Aka dafa aka ɗura masa, ya ƙara gudawa a kan wadda ya riga ya yi. Mai kemis ɗin layinmu ya ce zazzaɓin sauro ne da gajiya, ya yi masa allurar kashe ciwo safe da yamma. Rabi matarsa ta zo daga ƙauye, ita dai kuka.

Kawu Malam, ƙanen innarmu mai makarantar allo, shi ya zo daga baya. Ya zauna ya dube shi. Fuska ta kumbura, ƙafafu sun kumbura, shaƙuwa ta ƙi tsayawa.

"Yaushe rabonsa da fitsari?"

Rabi ta sunkuyar da kai. Ta ce tun shekaranjiya ko ɗigo.

Kawu ya ce, "Addu'a zan yi, ita ce tawa. Amma ku ɗauke shi yanzu ku kai asibiti. Wannan ba na ɗaki ba ne."

Allah ya saka wa Kawu. Shi kaɗai ya faɗi gaskiya a makon nan.

A asibiti layin kati muka fara. Sale na kwance a ƙasa a kan zanena, mutane na tsallake shi. Mai ba da kati ya tafi karin kumallo. Da ya dawo ya ce babu canji. Na yi magana, wata nas ta ce in ba zan iya jira ba ƙofa a buɗe take. Wata nas ɗin kuma, babba, tana wucewa ta tsaya, ta sunkuya ta shinshina numfashinsa. Nan take ta kira masu keken marasa lafiya suka shige da shi. Ban san sunanta ba. Ina sa ta a addu'a har yau.

Gwaji wani a ciki, wani sai a waje. Na hau na sauka, na sayi robar fitsari, na sayi safar hannu, na sayi har auduga. Sai bayan la'asar likita ta kira ni. Yarinya ce, ba za ta wuce sa'ar Rabi ba. Ta tambaye ni abin da ya ci da abin da ya sha. Na faɗa mata duka: buhu, filasko, gwangwani, ƙwayoyi, sassaƙe, allura. Ta ajiye biro.

"Baba, kin san injin ban-ruwa?"

"Na sani."

"In aka tayar da shi rijiya ba ruwa, me ke faruwa?"

"Ƙonewa yake."

"To haka ƙodarsa ta yi. Ga ƙishirwa, ga zafin rana, ga naman jikinsa da ya farfashe a wurin kokawa ya je ya toshe ta. Kuka ƙara mata da ƙwayoyi. Ruwan da ya hana kansa, shi ne ƙarfin nasa. Jikin da ba ruwa jini ba ya gudu a cikinsa, zafi ba ya fita, hannu ba ya riƙo. Tun kafin ya shiga fage ya faɗi."

"Yanzu fa?"

"Yanzu za mu riƙa wanke masa jini da inji, mu jira. Wasu ƙodar na farfaɗowa." Ta nuna min ledar da ke rataye a gefen gado. "Wannan za ki riƙa kallo. In fitsari ya dawo, ya tsira."

Sai ta ɗauko wani ƙaramin kofi, irin na shayi, ta ba ni.

"Wannan ne ruwansa na yini guda. Kada ya wuce. Abin da ya shiga ba shi da hanyar fita, huhunsa zai tafi ya shaƙe shi. Kin ji ni?"

Na ji. Mutumin da na yi ta bi da ruwa yana ƙi, yanzu ni aka sa in hana shi.

Aka huda masa wuya aka sa bututu. Mako na biyu, na uku da na huɗu duk a layin wankin ƙoda muka yi su. Injinan kaɗan ne, masu jira da yawa. Wani lokaci a kira mu, wani lokaci a ce mu dakata an kawo wanda ya fi shi matsuwa. Ba zan ce ba a taimaka mana ba, an sauƙaƙa mana wankin. Amma gwaji, magani, jini, abinci, duk a kanmu. Awakin Rabi suka tafi. Geronsa na rumbu ya tafi. Injin markaɗena ya tafi. Kaskona ya yi tsatsa a bayan ƙofa, masu sayen awara suka koma wani layi.

'Yan kokawa sun yi karo-karo sun kawo. Da aka ce ana neman jini, dangi kowa ya ce shi ma ba shi da isasshe. Sai ga Habu daga Garki, wanda aka ce ya yi jifa. Ya miƙa hannu aka ɗiba. Ya zauna a bakin gado yana murza hula.

Sale ya ce, "Kai, ka kayar da ni, ka kuma biyo ni da jini?"

"Ni ban kayar da kai ba, Turmi. Faɗuwa ka yi. Ka tashi mu sake, in kayar da kai da gaske."

"Ka ci babur ɗin?"

"Ina! Wani ɗan Ringim ya nannaɗe ni kamar tabarma."

Ranar ce kawai na ji dariyar Sale a ɗakin nan da ƙarfinta.

Baba Iro sau ɗaya ya zo. Ya tsaya daga nesa, ya ƙi kallon bututun. Da zai tafi ya ja ni gefe.

"Talatu, kada ki riƙe ni a zuci. Mu duk haka muka yi a zamaninmu, ba ma shan ruwa ranar fage. Ga mu nan da ranmu."

Na ce, "Baba, waɗanda ba sa nan ba za su zo su ba da nasu labarin ba."

Bai sake zuwa ba.

Ciwon da ya fi cin Sale ba bututu ba ne, ba allura ba ce. Ƙishirwa ce. Ɗakin zafi, fanka sai an kawo wuta. Na gadon kusa da shi yana shan ruwan leda mai sanyi yana zubar da saura a ƙasa, Sale na bin ruwan da ido. Kofin nan nakan raba shi har dare. In jiƙa tsumma in goga masa a leɓe, ya kama tsumman da haƙori yana tsotsa. In sayo ƙanƙara in fasa, in ba shi ɗan gutsure.

"Yaya, don Allah. Don darajar Inna. Kurɓi ɗaya."

"Ka sha na yanzu."

"Ke ba ki da imani."

"Ba ni da shi. Kwanta."

Wata rana na fita karɓo magani, na dawo na tarar da butar alwala a bakinsa, Rabi na tsaye tana kallon bango. Na fizge. Kafin magariba numfashi ya gagare shi, yana zaune yana jan iska kamar wanda ake dannawa a kogi. Da ƙyar aka samu aka ɗora shi a inji. Washegari na ce wa Rabi ta koma kwana a gidana, ta riƙa kawo abinci kawai. Ta yi fushi. Matan da ke jinya a ɗakin suna cewa zuciyata dutse ce. Ina jin su.

Ni dai leda nake kallo. Ina farkawa ita, ina idar da salla ita.

A mako na biyar, da hantsi, na ga ruwa a gindinta. Kaɗan ne, bai kai cikin murfin jarka ba. Na kira nas, nas ta kira likita. Likita ta ɗaga ledar tana murmushi, ta ce, "Ƙodar ta fara motsi." Rabi ta shigo da kwanon abinci ta ji, ta saki guɗa a tsakiyar ɗakin marasa lafiya, sai da aka tsawata mata.

Sale ya ce, "Yaya, kin taɓa ganin inda aka yi wa fitsari barka?"

"Yau na gani. Ƙaro wani."

Washegari ya ƙaru. Na fara tunanin wa zan roƙa ya ba shi aikin da ba na ɗaukar kaya ba in mun fita.

Sai zazzaɓi ya shigo. Wurin bututun wuyan ya yi ja, ya fara ruwa. Sale na rawar sanyi a cikin wannan zafi, gado na kaɗawa. Aka rubuta allurai masu tsada, na sayo rabi, rabin sai da Kawu ya bi gidajen iyayen ɗalibansa. A makon ne kuma inji ɗaya ya lalace, layi ya ƙara tsawo, ranarmu ta wuce ba a wanke shi ba. Ba na cewa laifin wani ne. Abin da ya faru nake faɗa.

Ledar ta koma ta bushe.

Da aka samu aka ɗora shi a inji, ba a jima ba aka sauke shi. An sake gwadawa, haka. Likita ta fito da ni baranda.

"Baba, ba zan yi miki ƙarya ba. Ciwon ya shiga jininsa. Zuciyarsa ba ta ɗaukar injin. Da mun ɗora shi sai jininsa ya faɗi."

"Sai yaya?"

"Za mu ci gaba da abin da za mu iya." Idonta ya kawo ruwa. "In akwai wanda yake son gani, a kira shi."

Na gode mata. Ta yi iyakar yinta.

A nan zan tsaya in faɗa wa masu ji. In naku na busar da jiki don sikeli, ku hana shi, ko da faɗa ne. In yana gudu ko kokawa ko ƙwallo a rana, ya sha ruwa kafin ya shiga, ya sha a tsakiya, ya sha in ya fito. In kun ga gumi ya ɗauke masa alhali ana zafi, ko ya fara magana ba kai, ku cire shi daga fage, ku jiƙa shi, ku nufi asibiti. In fitsari ya yi baƙi ko ya ragu, kada ku tsaya dafa sassaƙe, kada ku je kemis. Mako guda muka ɓata a ɗaki. Shi ne ba mu iya mayarwa ba.

Sale da kansa ya ce a kai shi gida. Hankalinsa na zuwa yana tafiya, amma wannan maganar sarai ya yi ta. Aka cire masa robobi, na sa hannu da dangwale, Habu ya samo mota. Muka bi hanyar Miga da shi, kansa a cinyata.

A ɗakinsa muka kwantar da shi, aka jingina shi da buhun ƙaiƙayi don ba ya iya kwanciya miƙe. Kawu ya zauna a kansa yana karatu. Maƙwabta na shigowa suna fita. Bayan azahar ya buɗe ido.

"Yaya."

"Ga ni."

"Ruwa."

Rabi ta dube ni. Kawu ya tsaya da karatu ya dube ni. Duk gidan sun san ni ce mai kofi, ba wanda zai motsa sai na ce.

Na tashi na je gindin randa. Na bar kofin asibiti a cikin jaka. Moɗa na ɗauka, na nutsa ta har ƙasa inda ya fi sanyi, na cika ta taf. Na zo na tallafo kansa.

Ya dubi moɗar, ya dube ni.

"Duka?"

"Duka naka ne."

Ya kafa baki. Ya haɗiyi kaɗan, ya tsaya yana numfashi. Ya sake haɗiya. Wani ya zubo ta gefen baki ya bi wuyansa, ta kan plastar. Ko kwata bai sha ba ya kau da kai.

"Akwai daɗi," ya ce. "Riƙe min sauran. Zan sha anjima."

Na riƙe. Ba a kira la'asar ba Kawu ya miƙa hannu ya shafe masa ido. Moɗar na hannuna, ban ajiye ba sai da Rabi ta zo ta ɓamɓare yatsuna.

Allah ya jiƙan Sale, ya shayar da shi.